Haƙoran Gwaji

Akwai wani tsohon hedimasta da ciwon dasashi ya raba shi da haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, har bakin ya zama fili. Shekara talatin da biyar ya yi yana ba da umarni, don haka bai samu lokacin koyon karɓarsa ba.

'Yarsa ce ta kai shi asibitin haƙori don a yi masa haƙoran roba. Likitar ta ce aikin zuwa biyar ne: a ɗauki samfurin dasashi sau biyu, a auna haɗuwar muƙamuƙi, a yi gwaji, sannan a ba shi na ainihi.

A zuwa na huɗu aka sa masa na gwaji. Haƙora ashirin da takwas, jere a kan kaki irin na zuma, mai launin dasashi. Kakin ne kaɗai ke riƙe da su, don a iya gyara jerin kafin a mayar da shi roba mai tauri. Ya dubi madubi, ya ga mutumin da ya rabu da gani shekara shida. Ga shi kuma washegari tsofaffin ɗalibansa za su karrama shi, har da jawabi.

Ya nemi a ba shi aro na kwana ɗaya. Likitar ta ƙi.

"Baba, kaki ne, ba ya jure zafi. Ko ruwan ɗumi ba a sha da shi."

"Yarinya, ina koyar da kimiyya tun kafin a haife ki. Na san kaki."

Aka kira ta ɗakin da ke kusa. Kafin ta dawo, haƙoran sun bar faranti sun koma cikin hankicinsa, shi kuma ya kai bakin titi. Da yaro ne ya yi haka da allin makaranta, ya san sunan da zai kira abin.

Washegari ya sa su ya je taron, jawabinsa ya yi kyau, aka tafa. Sai aka kawo shayi. Ya lissafa cewa kurɓi kaɗan ba zai yi komai ba. A kurɓi na uku ya ji saman bakinsa ya yi laushi. Daidai nan wani ɗalibi ya kwaikwayi tafiyarsa ta da, dariya ta ƙwace masa, ya ja numfashi, wani ƙaramin abu mai tauri ya bi iskar ya wuce.

Ya yi tari har idonsa ya yi ja, sannan tarin ya lafa. Ya shiga bayi, ya tofa abin da ya saura a hankici ya ƙirga. Ashirin da bakwai. Ya sake ƙirgawa, lissafi bai canza ba.

Kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Yana fatan ciki abin ya tafi. Amma duk numfashin da ya ja, sai ya ji wani siririn fito a ƙirjinsa ta dama. Ya daina hawa bene. Rana ta uku zazzaɓi ya shigo, majinar da ya tofa da ɗigon jini.

'Yarsa ta zauna kusa da shi tana saurare. Likitar ta riga ta kira ta sau huɗu.

"Baba, haƙora nawa ke cikin hankicin nan?"

Bai iya yi mata tsawa ba, iskar ba ta isa ba.

A babban asibiti hoton ƙirji bai nuna haƙorin ba, don irinsa na roba ba ya fitowa sosai. Likitan huhu ya ce sai an zura bututu mai kyamara an nema. Ya karanta masa abin da ka iya faruwa, cikin muryar mai karanta jadawali. Hedimasta ya sa hannu, sa hannun da shi kansa bai gane ba. A kan gadon da ake turawa ya riƙe yatsun 'yarsa, har sai da ma'aikaciya ta ɓamɓare su a bakin ƙofa.

An samo shi can cikin hanyar iska ta huhun dama, wurin ya fara ruwa. Da ya farfaɗo, ya ja numfashi a hankali, yana jira. Ba fito.

'Yarsa ta nuna masa haƙorin cikin 'yar kwalba, ta tambaya ko a ajiye masa.

Ya ce, "Kai wa mai shi. Ki ce zan zo da kaina in na iya hawa bene."

Darasi: Ilimin da kake da shi a fanninka ba ya sa ka zama gwani a fannin wani. In mai aiki ya ce abu bai gama ba, ka jira. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun kana da numfashin faɗa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu kula da iyaye tsofaffi.