Sarki da Bukkokin Yahudawa

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta gabas, mai tausayi ƙwarai, amma mai saurin fushi. Kafin ka gama kai masa ƙara ya gama yanke hukunci.

Wata rana da kaka ya fita zagayen gari, ya bi ta unguwar Yahudawa, wadda ya damƙa amanarta a hannun wazirinsa Haisamu. Me zai gani? Ga gidaje masu kyau a tsaye, amma masu gidan duk suna waje, kowa cikin wata 'yar bukka da aka rufe da ganyen dabino, rufin ma duk huji. Tsofaffi a ciki, jarirai a ciki, har tukwane da shimfiɗu.

Ran sarki ya ɓaci. Ya juya wajen waziri da ke biye da shi ya ce, "Ya waziri, na ba ka amanar mutane, ka kore su daga gidajensu?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, ai wannan..."

"Rufe mini baki! Ku cire masa rawani, ku ɗaure shi. Kafin rana ta faɗi za a sare kansa a gaban waɗanda ya zalunta. A rushe bukkokin nan, kowa ya koma ɗakinsa!"

Dogarai suka nufi bukka mafi kusa. Sai ga wata tsohuwa ta fito da ludayi a hannu, sunanta Dabura. Ta ce, "Kai, mai jan kaya, taɓa ganyen nan ka gani! Ka san wahalar da na sha kafin tsohon can ya hau tsani ya ɗora shi?"

Tsohon da take nufi mijinta ne, Shamwilu, malamin Yahudawan garin. Ya fito yana share gemu, ya rusuna.

Sarki ya ce, "Ya dattijo, kada ka ji tsoro. Na zo in ƙwato muku haƙƙinku."

Shamwilu ya dubi waziri a ɗaure, ya dubi sarki. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Kafin a zubar da jini, ina da tambaya. Wane ɗaki ne in aka toshe hujin rufinsa ya lalace?"

Sarki ya ce, "Babu irin wannan ɗaki."

"Wane mai gida ne yake barin gadonsa ya kwana a tsakar gida, yana waƙa?"

"Mahaukaci."

Dabura ta ce, "Malam, ka ji abin da nake faɗa maka kullum, yau ga sarki ya tabbatar."

Dogarai suka ƙunshe dariya. Shamwilu ya ce, "Ya sarki, ɗakin shi ne wannan, mai gidan kuwa ni ne. Ba wanda ya kore mu. Idi muke yi, Idin Bukkoki. Da Annabi Musa ya fito da kakanninmu daga Masar, shekaru suka yi a jeji, ba katanga, ba ƙofa, Allah ne kaɗai ya tsare su. Shi ya sa duk shekara, bayan an tara amfanin gona rumbu ya cika, sai mu bar gidajenmu mako guda, mu ci mu sha a nan. Dole rufin ya zama na ganye, ana hango sama ta cikinsa, don kada mai ƙoshi ya ɗauka ginin gidansa ne ke tsare shi. In ka rushe mana, ibadarmu ka rushe."

Sarki ya ce, "To waziri fa?"

"Shi ya aiko mana da ganyen dabinon, daga gonarsa."

Kai, ranar sarki ya ji kunya! Ya sunkuya, shi da kansa ya kwance igiyar, ya naɗa wa waziri rawaninsa, har ya karkace. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, na fara."

Nan fa unguwa ta ɗauki dariya, har da sarkin. Shamwilu ya ce, "A idin nan ba ma barin baƙo a tsaye. Ku shigo."

Sarki ya duƙa ya shiga, don ƙofar ba ta san sarauta ba. Ya zauna a tabarma, kafaɗarsa na gugar ta wani maƙeri. Aka kawo gurasa da rumman da miya mai zafi, mutane suka kama waƙar yabon Allah da harshensu suna tafi. Wani ganye ya faɗo cikin kwanon sarki, ya tsame shi ya ci gaba da ci, har ya nemi ƙari.

Da zai tashi, ya riƙe hannun waziri a gaban kowa ya ce, "Ku zama shaida. Yau na kusa kashe amintacce, na kusa rushe wa masu ibada ibadarsu, duk ina ganin alheri nake yi. Tausayin da bai tsaya ya yi tambaya ba, ƙanin zalunci ne."