Ƙwaron Lambun Inna Dela

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai gyangyaɗi kuma kada ya ce in maimaita masa.

Wata tsohuwa ce, Inna Dela, tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, ga kuɓewa, ga kabewa, ga gyaɗa ta nuna. Kurege maƙwabcinta ne. Kullum "Inna, Inna" a bakinsa, amma da ta juya baya sai ya tone mata gyaɗa.

Ran nan da tsakar rana, lokacin da ba a son mutum ya yi yawo, Inna Dela ta shiga tsinkar kuɓewa. Sai ta ji lambun ya yi tsit. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye. Ta duba, sai ga wani ƙwaro a kan ganyen kabewa, baƙi ƙirin, bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ba buzuzu ba, shi ba fara ba. Ta ƙirga ƙafafunsa, ta sake ƙirgawa, ba su zo daidai ba. Ta koma dama, yana kallonta. Ta koma hagu, yana kallonta, kuma bai juya ba.

Ta ja da baya. Ta kira Kurege ta ce, "Kai da ka sha yawon duniya, zo ka gaya mini sunan wannan abu."

Wallahi Kurege bai taɓa ganin irinsa ba, tsigar jikinsa ma sai da ta tashi. Amma ya dubi ƙwaro, ya dubi gyaɗa, kwaɗayi ya danne tsoro. Ya dafe ƙirji ya ce, "Inna, ashe kina da sauran shan ruwa. Ai wannan shi ne Zarangaɗi. Duk lambun da ya sauka, wanda ya ci abin ciki sai cikinsa ya kumbura. Shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ni zan kwashe gyaɗar in zubar miki a daji."

Tsohuwa ta shige tana salati. Kurege ya tona, ya kai raminsa, ya tona, ya kai raminsa, har bai bar ko ƙwaya ba. Ya ɗauki kayan ƙarshe ke nan sai ya ji wata siririyar murya a bayansa.

"Baba."

Ya waiga, ba kowa sai ƙwaro. Ya ce, "Wane ne babanka?"

Ƙwaro ya ce, "Tun da aka yi duniya nake yawo lambu-lambu, ba wanda ya raɗa mini suna sai kai. Wanda ya raɗa suna shi ne uba. Baba, yunwa."

Kurege ya watsar da kaya, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yana faɗawa rami, sai ga ƙwaro zaune a kan tarin gyaɗa, ya riga shi. Ba a jin taunarsa, tarin ne kawai ke raguwa, shi kuwa yana kumbura. Ya kai girman kwaɗo, ya kai girman ƙwarya. Ya cinye gyaɗa, ya cinye dawar da Kurege ya ɓoye don rani, ya cinye tabarma.

"Baba, yunwa."

Kurege ya ce, "Abinci ya ƙare."

Ƙwaro ya dubi wutsiyar Kurege, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Bai ƙare ba."

Kurege ya ga mutuwa muraran. Nan take ya juya baya, ya rufe fuska da wutsiya, ya yi magana da bango: "Bango, gaya wa yaron nan shi ɗan fari ne. Uba ba ya kallon ɗan fari, ba ya kiran sunansa. Kunya ce. Gidan kaka ake kai shi riƙo."

Ƙwaro ya ce, "Haka ake yi?"

"Bango, ce masa haka muka gada."

Kurege a gaba, ƙwaro a baya, har ƙofar Inna Dela. Ya ce, "Inna, ga jikanki."

Tsohuwa ta dubi lambunta an yi masa ƙarƙaf, ta dubi ƙaton cikin ƙwaro, ta gane komai. Ta ce, "Maraba da maigidana. Ba ni da abin ba ka, ubanka ya kwashe. Amma zauna nan ƙarƙashin kabewa, duk abin da ya shigo sata, naka ne."

Ƙwaro ya ce, "Ko Baba ne?"

Ta ce, "Haba, ai ubanka mai kunya ne. Ba zai taɓa zuwa inda kake ba."

Gyaɗar Inna Dela ta baɗi, sai wanda ya gani. Kurege kuwa bai ɗanɗana ko ɓawo ba. Har gobe in kun lura, in ya doshi lambu sai ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya kasa kunne, yawu na zuba. Sai ya ji daga ƙarƙashin ganye, a hankali: "Baba, yunwa." Sai ya ɗaga wutsiya ya arce.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In kun ga ƙwaron da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, sai fa in rumbunku a cike yake.