Katangar da Butrus Ya Gina a Tsakar Gidansa

Akwai wani magini a unguwar Hajj Yusuf da ake kira Butrus. Kirista ne, mutumin duwatsun Nuba. Yaƙi ne ya koro shi Khartum tare da matarsa Marta da ƙaramar 'yarsu Ni'mat. Da hannunsa ya gina gidan da suke ciki.

Maƙwabcinsa Malam Ɗahiru ne, Bahaushe, wanda kakanninsa suka yada zango a Sudan kan hanyar hajji, ba su ƙara gaba ba. Matar Malam, Sittana, ita ta koya wa Marta yin kisira, wainar dawa ta mutanen Sudan, har suka riƙa kai ta kasuwa tare.

Shekara da shekaru Marta tana zama kusa da Sittana tana sauraren karatu. Ba wanda ya matsa mata. Wata rana da safe ta ajiye wa mijinta shayi, ta ƙi tashi.

"Abu Ni'mat, zuciyata ta karkata ga Musulunci. Na daɗe ina ɓoyewa, na gaji."

Butrus ya ture kofin shayin gefe. Can ya ce, "Ban taɓa ɗaure ki ba, Marta. Ki bi abin da kika yarda da shi. Ai gidan nan zai ɗauke mu mu biyu."

Haka ya zata. Ita ma haka ta zata.

Marta ta yi kalmar shahada a gaban Malam Ɗahiru, ta zaɓi suna Khadiga. Matan unguwa suka yi guɗa. Amma da aka je kotun shari'a a tabbatar da musuluntar, sai alƙali ya sa a kira Butrus. Ya yi masa bayani a hankali: Musulma ba ta zama a ƙarƙashin auren wanda ba Musulmi ba. Idan ya musulunta kafin ta gama idda, aurensu yana nan. Idan bai yi ba, ya ƙare. Yarinya kuma addinin uwarta za ta bi.

Khadiga ta fashe da kuka a tsakiyar kotu. "Ya Maulana, wallahi bai taɓa ɗaga mini murya ba!"

"Na ji, 'yata," in ji alƙali. "Amma hukuncin ba nawa ba ne."

Butrus ya fita ya nufi coci, wurin limaminsu da suke kira Abuna. Shi kuma ya ce auren da aka ɗaura a coci mutuwa ce kawai take raba shi. Muddin Marta tana raye, babu damar ya auri wata.

Butrus ya yi wata irin dariya wadda ba ta daɗi ba. "Abuna, can sun ce ba ni da mata, nan kun ce ina da ita. To ni mai aure ne ko gwauro?"

Abuna ya sunkuyar da kai.

Daga nan masu ba da shawara suka yi masa ca. 'Yan'uwansa suka ce ya kore ta, ya ɗauke yarinya ya gudu da ita duwatsu. Abokan aikinsa Musulmi suka ce, "Haba ɗan'uwa, kalma ɗaya ce fa! Ka faɗe ta a baki, ka riƙe matarka."

Ya tafi wurin Malam Ɗahiru ya zauna a bakin tabarma.

"Malam, in na faɗa alhali zuciyata ba ta yarda ba, ya karɓu?"

Malam ya so ƙwarai ya ce e. Amma ya ce, "Alƙali zai karɓa. Allah kuwa zuciya yake dubawa."

"To ba zan yi wa Allah ƙarya don mace ba, ko da Marta ce."

Malam ya bi shi da kallo har ya fita. Sittana ta ce ranar Malam ko abinci bai iya ci ba.

Idda ta cika. Khadiga ta ɗaure kayanta, ba ta ma san inda za ta ba. Butrus ya ce ta kwance kayan. Ya kwaɓa laka, ya ja katanga ta ratsa tsakar gidan, ya huda mata ƙofa ta ɓangaren gidan Malam. Ɗaki biyu da rumfar girki ya bar musu, shi ya ɗauki ɗaki ɗaya. Yana gini, tana zaune tana kallon tubali yana hawa, har ya rufe fuskarsa.

Haka aka yi ta tafiya. Kullum Ni'mat tana zagayawa ta titi ta kai wa ubanta abinci. Maza sun nemi Khadiga, ta ce ita ta gama aure. Shi kuma babu hali.

Ni'mat ta girma, wani mai hankali, direban raksha, wato a-daidaita-sahu, ya fito neman aurenta. Nan ma doka ta tsaya: Kirista ba ya zama waliyyin Musulma. Aka naɗa Malam Ɗahiru.

Ranar ɗaurin aure, bayan la'asar, masallaci ya cika. Butrus ya sa farar jallabiya sabuwa, ya zauna kan wani benci a tsallaken titi, shi kaɗai. Mai ɗaura aure ya ce waliyyi ya matso. Sai Malam ya miƙe, ya ratsa sahu, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. Jama'a suka leƙo ta taga.

Ya tsallaka titi, ya durƙusa gaban Butrus, duk da furfurarsa.

"Abu Ni'mat, ni aron bakina aka yi. 'Yarka ce. Ka ba shi?"

Butrus ya dubi ƙofar masallacin. Da ƙyar ya ce, "Na ba shi. Ka ce masa tana tsoron tsawa, kada ya bar ta ita kaɗai in hadari ya taso."

Malam ya koma ciki. Daga kan bencin Butrus ya ji an shafa fatiha ta lasifika, ya ji sunansa sau ɗaya, a ƙarshen sunan 'yarsa. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya tashi ya tafi gida a ƙafa.

Darasi: Idan wani ya shigo addininka ka yi murna, amma ka waiwaya ka ga wanda aka bari a baya. Akwai hukuncin da ba ka da ikon sauyawa, sai dai babu dokar da ta hana ka girmama mutum a ranar da ya rasa komai. Ka tura wa wani wannan labari, wataƙila akwai mai irin wannan maƙwabcin.