Kurege da Maganin Wiwi Iri Biyu

Ku matso kusa, ga wata nan ta zo muku da zafinta.

A wata shekara da gyaɗa ta ƙi, yunwa ta kama wani kurege mai suna Nomau har haƙarƙarinsa suka fito. Yana kwance a gindin tsamiya sai ya ji Shamuwa, wadda ta dawo daga yawon ƙasashe, tana ba da labari.

"Can birni likitoci sun rabu biyu a kan tabar wiwi. Wasu sun ce a tatso ganyen gaba ɗaya a yi magani, don sinadaran ciki suna taimakon juna. Wasu sun ce a'a, a ware sinadari guda, wanda ba ya bugarwa, a zubar da sauran."

Nomau ya miƙe zumbur. "Gardama? To, abinci ya samu! Ni da nake sayar wa kifi ruwa?"

Ya yanka buhun gari ya yi farar riga, ya ƙulle toka a leda, ya nufi gidan Giwa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar.

"Ranki ya daɗe, ni ne Dakta Tatacce. Ganye gaba ɗaya ai na ƙauyawa ne. Wannan kuwa sinadari ɗaya ne tal, na kore masa 'yan uwa duka."

Giwa ta lasa. "Likita, kamar toka."

"Haka ilimi yake a baki, ranki ya daɗe."

Giwa ta ji kunya, ta ba shi kwandon gyaɗa.

Da gari ya waye, ya naɗa rawani, ya rataya layu, ya tsinko ganyen rama, tun da shi ma yatsu gare shi kamar wiwi. Ya tafi wurin Ɓauna mai ciwon baya.

"Inna, ni ne Boka Haɗe-Duka. Kar ki yarda da masu farar riga. Wa ya taɓa shan miya da gishiri kaɗai? Ganye, fure, kara, duk a tukunya ɗaya!"

Ɓauna ta kurɓa. "Malam, kamar rama."

"Wiwin Gabas ke nan, Inna. Ba kowa nake ba wa ba."

Ta ba shi ƙwaryar zuma.

Kafin mako ya zagayo, daji ya rabu biyu. Giwa tana ɗingishi tana rantsuwa ta warke. Ɓauna ba ta iya sunkuyawa, amma ta ce ta koma budurwa. Ranar nan a bakin rafi saura kaɗan su kashe juna, ɗaya don toka, ɗaya don rama. Nomau kuwa tumbi ya fito.

Da gari ya waye, Kura ta aiko a kira likita. Zazzaɓi ya hana ta cin abinci, ta rame sai ido. Nomau ya zura farar riga a kan layunsa don sauri. Ya tarar Giwa da Ɓauna sun zo kallo, kowacce na jiran a kunyata ɗayar.

Kura ta turo masa dami. "Ni ban yarda da ƙulli ba, Dakta. Ga wiwi na gaske na sa an samo. Ka cire mai bugarwar a gabana."

Nomau ya dubi damin. Bai taɓa ko shinshina wiwi ba. Amma ya gyara riga.

"Gwaggo, wannan ai wasan yara ne. Ni sinadarai da suna nake kiran su."

Ya zuba damin duka a tukunya da man gyaɗa, ya dafa, ya tace da rariya, yana kaɗa hannu yana tsawa: "Kai mai bugarwa, fita! Fita na ce!" Ya miƙa mata ƙwarya cike. Ta shanye tas.

Aka zauna jira. Can sai idon Kura ya kaɗa ya yi ja. Ta kalli kunnen Giwa ta fashe da dariya har da birgima. Sannan ta shafa ciki.

"Likita," ta ce a hankali, "yunwa nake ji. Kuma kana ƙanshin ƙuli-ƙuli."

"Alamar sauƙi ce, Gwaggo. Bari in je in dawo."

Ta kai cafka. Riga ta yage, layu suka zubo ƙasa.

"Bokana!" in ji Ɓauna.

"Likitana!" in ji Giwa.

Suka dubi juna. Karo na farko ke nan da suka yarda a kan magani ɗaya. Giwa ta maka shi da ƙasa, Ɓauna ta ɗaga shi sama da ƙaho, Kura ta tare shi da baki, ta samu gashin wutsiya kawai. Nomau ya faɗa rami da ƙafa uku.

Da ya ji ya yi nisa, ya leƙo ta wani bakin ramin da kumburarren ido ɗaya.

"Butulai! Kura ta zo ba ta cin abinci, yanzu har likita take nema ta ci. A cikinku wa ya taɓa ganin magani mai ci haka?"

Nan tatsuniyar ta ƙare, kurege ya sha da ƙyar.