Tabon Ƙafar Zubairu

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da, wani bawan Allah masassaƙi, sunansa Zubairu. Turmi yake sassaƙawa da taɓarya da akushi, da su yake ci da iyalinsa. Ku saurara da kyau, jama'a. Ku na baya can da kuke hira, har da ku nake.

Mutumin nan ba shi da komai sai gatarinsa da gizagonsa, amma kaf garin babu tsohuwar da ba ta san alherinsa ba. In turmin tsohuwa ya tsage, Zubairu ne zai sassaƙa sabo, ya ɗauko a ka, ya dire mata a tsakar gida, ko godiya ba ya tsayawa ji. In ɗakin wata ya yi yoyo, shi za ka gani a kan jinka. Mutane suna ta cewa, "Kai, uwar da ta haifi wannan ta huta."

To, uwar tana nan da ranta. Tabawa sunanta, tana ƙauyen da aka haife shi, inda in ka fita da asuba za ka yi azahar a can. Amma tun da Zubairu ya yi gemu bai sake taka ƙauyen ba. Yana aika hatsi da kaka, yana aika zane da salla, ba ya fashi. Ƙafarsa ce dai ba ta zuwa.

Me ya kawo haka? Zubairu ɗan fari ne. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ake ce mata, kuma a da ana yi da gaske, ba irin ta yanzu ba. Ga shi kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Tun tasowarsa bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, sai "kai", sai "yaron nan".

Wata rana, tun bai kai kaciya ba, ana biki a gidansu. Mata sun cika tsakar gida ana tuƙa tuwo. Yaro ya taho a guje, ya zuba ƙafa cikin garwashin murhu. Ya kwarma ihu, ya ruga wurin uwarsa, ya kama zanenta. Ku saurara. Tabawa ta janye zanenta, ta kau da kai, ta ce, "Wata ta zo ta ɗauki yaron nan." Kakarsa ce ta ɗauke shi. Yana saɓe a kafaɗarta yana jin mata suna guɗa suna dariya, suna cewa, "Kai, Tabawa akwai kunya! Wannan ta cika 'yar mutunci."

Ƙunar ta warke ta bar tabo a dugadugi. Amma dariyar nan da zanen da aka janye, su ba su warke ba. Yaro ya ƙulla a ransa cewa matar nan ba ta son sa, ya girma da ƙullin, ya yi aure da shi, ya yi furfura da shi. Yana alwala sau biyar a rana, kullum hannunsa na bin tabon nan, kullum ransa na ɓaci sabo. An sha aiko masa, "Inna na son ganinka." Sai ya ce, "Na ji. Aiki ya yi yawa." Aikin kuwa turmin uwar wani ne.

Ana nan, ran nan yana sassaƙa a gindin itace, sai ga ƙanwarsa Delu, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Yaya, yau ba aiko ni aka yi ba, ni na kawo kaina. Inna ta rikice. Tsufa ya ci hankalinta, ko ni ba ta gane ni."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Me za a kai mata?"

Delu ta ce, "Kai dai ba ka san komai ba sai a kai, a kai! Sunanka take kira. Tun safe har dare, sunanka, da baki buɗe, har maƙwabta sun gaji."

Gizago ya faɗi daga hannunsa. Sunan da ya yi rayuwarsa kaf yana jiran ji! Bai ko shiga gida ya sake riga ba, ya bi ta.

Tun daga zaure ya jiyo muryar: "Zubairu! Zubairu! Ina kuka kai min Zubairu?" Ya shiga ya tarar da 'yar tsohuwa a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ga ni. Ni ne Zubairu."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, kai da furfurarka kake min wasa? Ni yarona nake nema, ɗan ƙarami ne. Yanzu ya taka wuta. Don Allah in ka gan shi ka miƙo min shi, ban ɗauke shi ba. Surukata tana kallona, mata suna kallona, ban ɗauke shi ba. Ina jin ƙaurin ƙafarsa har yanzu."

Jama'a, kun ji? Hankalin da ya tafi, ya tafi da kunyar, sai abin da ke ƙasa ya fito fili. Ashe ranar da ya tsaya a kanta, ita ma a kanta ta tsaya. Su biyu suna ƙonewa a murhu guda, tafiyar rabin yini tsakaninsu, kuma shi mai ƙafa ya ƙi zuwa. Zubairu ya kifa kai a ƙasa ya yi kuka irin wanda babba ba ya yi a gaban mutane. Ya ce, "Inna, ki yafe min." Ta ce, "Kai kuwa me ka yi min, bawan Allah? Ban ma san ka ba."

Wannan ita ce jarrabawarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Zai iya cewa ai aikin gama ya gama, ya koma ga turamensa inda ake yabonsa. Bai koma ba. Ya kwaso gatarinsa da iyalinsa, ya zauna. Shi ke ba ta kunu a baki, shi ke fitar da ita hantsi, shi ke wanke tabarmarta. Kullum tana kiran sunansa a gabansa, kullum tana tambayarsa ko ya ga yaron. Babu mai yabo a nan, don a ƙauyen kowa ya san shekarun da ya yi bai zo ba, kuma ba su fasa faɗa masa ba.

Wata rana yana zaune kusa da ita ya miƙe ƙafa, hannunta ya sauka a kan tabon. Ta shafa, ta sake shafawa. Ya ce a ransa yau kam za ta gane shi. Sai ta ce, "Ashe kai ma ka taɓa ƙonewa. Uwarka ta ɗauke ka?"

Ya ce, "A'a. Ni ɗan fari ne."

Hawaye suka bi kumatunta. Ta ce, "To ka yafe mata. Ba ka san abin da ta haɗiye ba."

Ya ce, "Na yafe mata, Inna. Ni ma ina ma ta yafe min."

Ta ce, "Uwa ce ai, ta yafe. Allah ya yi maka albarka, kai da kake kula da ni kamar ni na haife ka."

Iyakar abin da ya samu ke nan. Har ta koma ga Allah ba ta gane shi ba. Albarkar da muke fata ta cece shi, a matsayin baƙo ya karɓe ta, kuma har ya mutu in an yabe shi sai ya sunkuyar da kai.

To jama'a, ga darasin, ba zan ɓoye muku ba. Alherin da kake rabawa a gari ba ya biyan wanda ka hana na cikin gida. Nawa ne a cikinku nan zaune suke riƙe da abin da aka yi musu tun suna yawo ba wando? Wai uba ya fi son wane, wai uwa ta yi min kaza. Hankalin yaro ne ya yanke hukuncin, ku kuma da gemunku kuna ta zartar da shi, ba ku taɓa komawa kun tambaya ba. Ku kuma iyaye, kunya abu ne mai kyau, amma kada ta kai ɗanka ya kwana yana zaton ba ka ƙaunarsa. Wanda nasa suka rasu, ya yi musu addu'a, ya yafe, ya nemi gafarar Allah. Wanda kuwa uwarsa ke raye, kada ya aika da buhu. Ya tashi daga nan ya je da ƙafarsa, tun tana iya duban fuskarsa ta san ko wane ne.