Wasiƙun da Suka Riƙa Fita da Kansu

Akwai wani injiniyan kwamfuta a wani ofishin lauyoyi, mutum mai sanyin hali, ba a ma tunawa da shi sai intanet ta ɗauke. Shi ke kula da manhajar imel ɗin ofishin.

Wata safiya babban lauya ya shigo yana huci. Wasiƙun sirri na waɗanda yake karewa suna isa hannun abokan shari'a, kuma daga akwatin imel ɗin sakatariyarsa suke fita. Dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, shekararta ashirin da biyu a kan teburin nan.

"Ki tattara kayanki kafin a tashi," in ji lauya.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban tura wa kowa komai ba."

Injiniya ya roƙi a ba shi zuwa la'asar, ya zauna gaban kwamfutarta.

"Inna, me kika buɗe kwanan nan?"

"Babu komai, ɗana. Sai wani saƙo, wai hotunan taron tsofaffin ɗalibai. Na danna, shafin ma fari fat ya fito."

Nan take ya gane abin da ya faru. Inna takan bar imel ɗinta a buɗe tun safe, shafin nan kuwa ya aika umarni a ɓoye da sunanta: duk wasiƙar da ta shigo, a tura kwafinta waje. Manhajar ta karɓa ba tare da ta bincika inda umarnin ya fito ba, kamar maigadin da ya ga rigar gida ya buɗe ƙofa.

Abin da ya fi ci masa rai, masu manhajar sun fitar da gyaran ɓarakar tun wata uku da suka wuce. Shi ne ya yi ta cewa sai ya samu sarari. Babu wanda ya san wannan sai shi, da ya yi shiru ma ya sha.

Amma bawan Allah ya miƙe ya sami lauya.

"Ranka ya daɗe, Inna ba ta da laifi. Sakacina ne."

"To, kai ne za ka tattara."

Inna ta ajiye jakarta. "In ka kori wanda ya faɗa maka gaskiya, gobe wa zai ƙara faɗa maka?"

Lauya ya dubi injiniya, ya ce, "Je ka ɗora gyaran. Inna, ki yafe ni."

Darasi: Kada ka bar wani ya ɗauki kayan laifinka don kawai ba wanda ya gan ka, kuma gyaran yau kada ya kai gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu danna duk abin da aka aiko musu.