Manhajar da Ta Share Muryar Inna

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa riƙe sifana ba. Aikinsa gina shafukan intanet ne, kuma kamfanoni na ɗauko shi ya ba su shawara in manhajarsu ta rikice. Gwani ne, wannan babu musu. Aibinsa guda, ba shi da haƙuri ko kaɗan. In kana magana ka tsaya laluben kalma, shi zai ƙarasa maka, ko da ba ita kake nufi ba. Saƙon murya ma sai ya ƙara masa sauri yake saurara.

Da jama'a suka raja'a kan naɗar shirye-shiryen hira da ake saurara a waya, sai Injiniya ya ga hanya. Ya ƙera wata manhaja ya raɗa mata suna Tsintsiya. Kana ba ta naɗin murya, za ta cire tari, da numfashi, da dogon shiru, da duk hayaniyar da ke bayan mai magana. Sannan ta goge naɗin asali don kada ya cika ma'ajiya.

Abokin aikinsa bai so wannan na ƙarshen ba. Ya ce, "Injiniya, ka bar wa mutane na asalin mana. Wata rana wani zai neme shi."

"Haba dai! In ka share ɗaki, adana sharar kake yi?" in ji Injiniya. Haka maganar ta mutu.

Tsintsiya ta karɓu, suna ya fita, tafiye-tafiye suka yi yawa. Zuwa gaida iyaye ya koma leƙe, a gaisa a tsaitsaye ana duba agogo.

Wata rana da hantsi ya je gidan iyayensa da makirufo, yana son gwada sabon gyaran da ya yi wa manhajar. Mahaifinsa tsohon tela ne mai magana a hankali, irin wanda kan yi shiru a tsakiyar zance har ka zaci ya yi barci. Injiniya ya ga ba inda zai sami abin gwaji kamarsa. Ya zaunar da shi kusa da tsohon keken ɗinkinsa, ya ce, "Baba, ba ni labarin yadda kuka haɗu da Inna."

Baba ya gyara zama. "Riga ta kawo mini gyara. Tana ganina ta kasa tafiya."

Daga kicin Inna ta ɗaga murya. "Kai, Malam, ka ji tsoron Allah! Ɗinkin ka karkace, shi ne na tsaya sai ka warware!"

"To ke faɗi yadda aka yi."

Ta kuwa faɗa, tana yi tana dariya, murfin tukunya na ƙara a hannunta. Da ta gama sai ta shiga rera wata 'yar waƙa da ta saba yi in tana aiki.

Injiniya ya ɓata rai. "Inna, don Allah, naɗa muke yi."

"To, Autana, na yi shiru," in ji ta. Ba ta yi shirun ba. Duk abin da Baba ya faɗa sai ta gyara masa. Injiniya ya ƙyale ta, don ya san Tsintsiya za ta yi maganinta. Da aka gama ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce yana da ganawa. A mota ya tura naɗin cikin manhajar, ya fito fes, ya ji daɗi ƙwarai.

Ba a daɗe ba Inna ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit. Injiniya ya tarar da Baba zaune shi kaɗai yana kallon ƙofar kicin. Tsohon ya ce, "Auta, wannan abin da ka naɗa rannan, yana nan? Kunna mini in ji ta."

Inna ba ta taɓa yarda da saƙon murya ba, in tana son ka kira take yi. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage in ba wannan naɗin ba. Injiniya ya kunna.

Muryar Baba ta fito tangaram, tana gudu ba numfashi kamar mai karanta sanarwa. Aka ji ya ce, "To ke faɗi yadda aka yi." Nan take kuma aka ji ya ce, "Kin ji ki!" Tsakanin maganganun biyu babu komai. Ba dariya, ba ƙarar tukunya, ba waƙa.

Baba ya matso da kunnensa kusa da wayar. "Mayar baya. Ka tsallake ta."

Ya mayar. Haka dai.

"A nan fa ta yi dariya," in ji Baba a hankali. "Ina ka kai ta, Auta?"

Injiniya ya miƙe ya fita. Ya koma ofis ya birkice kwamfutoci, ya tono tsofaffin ma'ajiyoyi, ya kira duk gwanin da ya sani. Babu. Da hannunsa ya rubuta umarnin gogewar, kuma ya rubuta shi da kyau, don shi ba ya aikin algus.

Ya gyara manhajar daga baya, yanzu tana adana naɗin asali. Wannan ya amfani wasu, shi kam bai dawo masa da komai ba. Kullum da yamma yakan je ya zauna wajen Baba, ba ya duba agogo. Su kunna naɗin, in an zo inda aka yanke, sai ya tsayar, Baba ya faɗi abin da Inna ta ce, yana kwaikwayon muryarta. Injiniya na saurara, kewa na cin zuciyarsa. Ran nan suka zo wajen waƙar, Baba ya buɗe baki ya yi shiru mai tsawo. Injiniya ya jira, bai katse shi ba. Can tsohon ya ce, "Ta ɓace mini, Auta. Kai ka tuna yadda take farawa?" Bai tuna ba, domin ranar ba saurara yake yi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa kan sa mutum ya zubar da abin da ba zai sake samu ba. Abin da kake kira hayaniya yau, dariyar uwa ko jan zancen uba, wata rana shi za ka nema ido rufe. Ka yi haƙuri da naka, ka saurare su tun suna kusa. In kuma kai mai ƙera wa jama'a kayan aiki ne, kada ka yanke musu abin da ya cancanci ajiyewa, domin ba ka san muryar wa ke bayan mai magana ba.